Abin Da Haladu Ya Ji A Layi

An yi wani mutum, jama'a, a wani gari da ba sai na kama suna ba, wani bawan Allah ana ce masa Haladu. Gyaran wayar ofis ce sana'arsa. Yana aiki a kamfanin wani attajiri, Alhaji Badamasi, mai sayar da taki da irin shuka, babban ofis a birni, rassa a garuruwa. Waya ce ta haɗa su duka.

Sai wayar nan ta kamu da ciwo. Ba mutuwa ta yi ba, da ma mutuwar ce da an huta. Ka kira reshe, mutum ya fara magana, murya ta tsinke, ta dawo, ta sake tsinkewa. Wani lokaci kamar daga cikin rijiya ake amsa maka. A ce a kai taki wannan gari, mota ta nufi wancan, ga damina ta kawo kai. Alhaji ya kira Haladu ya ce, "Nemo min inda ciwon yake."

To ku saurara, nan jarrabawar take. Irin wannan ciwo ba a ganinsa da ido. Sai mai gyara ya sa kunne a layi, mutane na magana yana ji, ya gane a ina muryar ke yankewa, kuma da wane lokaci. Haladu ya sanar da kowane reshe cewa zai saurara. Amma kun san ɗan Adam, yau ka gaya masa, gobe ya manta, kuma baki shi ke yanka wuya. Haladu ya ji masu zagin Alhaji iri-iri. Wanda ya fi kowa kaifin harshe shi ne Tasi'u, mai kula da sito a wani reshe, mutum mai tarin iyali.

Haladu ya gano ciwon. Ashe muryar mutane da saƙonnin kwamfuta hanya ɗaya suke bi, in saƙo ya yi yawa sai ya danne murya, kamar shanu da mutane a kan siririyar gada. Ya saita na'urar da ke raba layin ta riƙa ba murya hanya tukuna. Waya ta washe.

Alhaji ya sa masa albarka, sannan ya tashi ya rufe ƙofa.

"Malam Haladu, ka ji su duka. Su wa ke zagina?"

"Ranka ya daɗe, layi ka ce in gyara, na gyara."

"Kai kurma ne?"

"A'a, na ji. Amma don gyara aka ba ni jin nan, Alhaji. Amana ce."

"Abincinka a hannun wa yake?"

Haladu ya tuna gidansa. Ya ce, "A hannun Allah, ranka ya daɗe, ta hanyarka."

"To je ka nemi wata hanyar."

Aka sallame shi. Kuna tsammanin nan ta tsaya? Ina! Alhaji bai rasa mai kai masa tsegumi ba, irinsu ba sa ƙarewa. Ba a jima ba aka kori Tasi'u. Ma'aikata suka ce wa ke sauraron mutane? Haladu. An gama amfani da shi an yar, maganinsa ke nan. Suka laƙaba masa suna Kunnen Alhaji.

Wata rana suka yi kiciɓis da Tasi'u a kasuwa. Haladu ya yi sallama, ya miƙa hannu. Tasi'u ya tofar da yawu ya ce, "Allah ya isa tsakanina da kai."

"Wallahi, ɗan'uwa, ban faɗi sunan kowa ba."

"Rufe min baki, munafuki."

Babu kamfanin da ya sake ɗaukar Haladu, wa zai ba ɗan tsegumi layinsa? Ya koma wata rumfa yana gyaran rediyo, da wannan mugun suna a kansa har Allah ya karɓi abinsa. Wannan abu yana ci min rai, jama'a, wallahi yana ci min rai.

Ranar zaman makoki sai ga Alhaji Badamasi, ya tsufa, yana dogara sanda. Ya zauna a tabarma ya ce, "Wannan ne kaɗai na taɓa tambaya ya hana ni. Sunayen masu zagina na nema, ko ɗaya bai ba ni ba, ya zaɓi kora." Labari ya kai wa Tasi'u. Ya taho yana kuka zai nemi gafara. Wajen wa? An riga an rufe Haladu.

Ga darasin, ku riƙe. Abin da kunnenka ya ji saboda aikinka amana ne, ko kai direba ne, ko tela, ko mai gyaran wayar hannu. Ka riƙe shi ko da ba wanda zai gode maka, sakamakonka yana wajen Allah. Kuma ku ji tsoron zato. A cikinmu nan akwai wanda ya daina amsa sallamar ɗan'uwansa a kan "an ce". Ka tashi ka je ka same shi yau, tun yana da kunnen da zai ji ka.