Hancin Malam Halliru da Rudun Habi

A Goronyo, in ana zancen albasa sai an ambaci hancin Malam Halliru. In ya zaga rudu, wato rumfar karan da ake adana albasa har ta yi daraja, ya shaƙi iska sau biyu, zai nuna maka inda ruɓa ta fara tun ido bai gani ba. A tsince waɗanda suka lalace, sauran su tsira. Mutum ne mai fara'a, sai dai gajen haƙuri kamar me. Ko koko aka dama masa, sai ya ƙona harshe.

Wata damina ruwa ya yi masa dukan kawo wuƙa a hanyar fadama, mura ta toshe masa hanci. Ya je kemis, Mujaheed mai shagon ya ba shi 'yar kwalbar maganin ɗigawa.

"Baba, kwana ukku, in ya yi yawa biyat. Kak ka wuce nan."

Yana ɗigawa hanci ya buɗe garau. Malam Halliru ya ji daɗi har da tafi. Kwana biyar suka cika, da ƙarfin maganin ya sake shi sai hancin ya koma ya toshe. Maimakon ya daure, sai ya ƙara. Wasa-wasa aka yi mako uku, kwalba ta ƙare ya aika kasuwa aka sayo wata.

Matarsa Kaltume ta ce, "Malam, ko tasbaha ba ka jawo ta awa kwalbag ga."

Ya yi dariya, amma fa ya kwana biyu ba ya jin ƙamshin komai. Bai gaya wa kowa ba.

Ana haka ƙanwarsa Habi ta aiko kiransa. Mijinta ya rasu bara, rudu ɗaya ya bar mata, da shi take sa ran ciyar da 'ya'yanta har kaka. Malam Halliru ya zaga rudun, ya shaƙa, ya sake shaƙa. Ko warin albasar kanta bai ji ba. Ga maƙwabta sun tsaya suna kallo. Kunya ta hana shi faɗin gaskiya.

"Lahiya lau, Habi. Kwanta da hankalinki."

Bayan kwana goma ruwa ya fara ɗiga ƙarƙashin rudun, ƙudaje suka yi dandazo. Da aka buɗe, rabin albasar ta narke. Habi ta share hawaye ta dubi yayanta.

"Ƙaddara ta, Yaya. Abin da hancinka bai ji ba, wa ka jin shi?"

Da zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi. Nan take ya fito da kwalbar daga aljihu, ya faɗa mata komai a gaban jama'a.

Washegari ya tafi asibiti. Malama Mashkura, ma'aikaciyar jinya, ta duba shi ta ce, "Baba, mura ta daɗe da tahiya. Maganin ga shi ad da kai yanzu. In an daɗe ana ɗiga shi, cikin hanci kumbura ya kai, kai ko ka ƙara, shi ko ya ƙara toshewa." Ta ce ya ajiye shi, ta ba shi ruwan gishiri na wanke hanci, ta ce sai haƙuri.

Ya sha wuya. Mako guda da baki yake numfashi, kwalbar kuwa Kaltume ta ɓoye ta. Ranar wata Laraba yana alwala sai ya ɗaga kai.

"Kaltume! Daddawa kinka sa ga miyag ga?"

"Kullum ita ni ka sawa, Malam. Yau dai hanci ya dawo gida."

Kafin ya ci tuwon, sai da ya ɗauki amalanke ya kwaso albasa daga nasa rudun, ya cika na Habi har baki. Sannan ya zaga shi sau uku, a hankali, ya ce mata lafiya lau. Wannan karon ya ji.

Darasi: Maganin buɗe hanci na 'yan kwanaki ne, kada a wuce abin da mai magani ya ce. In toshewar ta ƙi tafiya, asibiti za a nufa, ba ƙarin ɗigo ba. Kuma a tambayi masani kafin a ɗiga wa ƙaramin yaro ko mai hawan jini. Wanda kuwa aka dogara da shi, in bai sani ba ya ce bai sani ba, don kunyar minti ɗaya ta fi asarar abincin marayu sauƙi.