Karya da Abincin Yaye

Ga ta nan tafe gare ku.

Ta iso, muna saurare.

Wata karya ce ta yaye kwiyakwiyinta biyu, ta rasa abincin da za ta ɗora su a kai. Ta tsallake tsohuwar uwarta da ke kwance a bakin ƙofa, ta nufi gidan Kura.

Kura ta ce, "Ɗanyen nama mana! Dubi ƙirjina. Ai ƙarfi a jini yake."

Ta wuce wurin Gafiya. Gafiya ta ce, "Ƙanzo, ƙawata. Busasshe ba ya ruɓewa, kuma kullum akwai shi."

Karya ta ce bari ta gwada: ɗaya nama, ɗaya ƙanzo. Kafin wata ya ƙare, mai cin nama ya yi jiki, amma tsutsar ciki ta hana shi sakat. Mai cin ƙanzo cikinsa lafiya lau, sai dai haƙarƙari duk a waje, ko haushi ba ya iyawa.

Ta zauna ta yi tagumi. Can tsohuwa ta ɗaga kai ta ce, "Kura ba ta taɓa rainon kare ba, balle Gafiya. Jiƙa ƙanzon cikin romo, ki sa 'yar tsoka dafaffiya. Da shi na yaye ki."

"Inna, kina sane kika yi shiru?"

"'Yar nan, sau nawa kika tsallake ni kina neman masani?"

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, nan tawa ta tsaya.