Tabawa Ba-Komai da Ƙayar Bayanta

Ga ta nan tafe, ga ta nan gare ku!

Ta iso mu ji ta!

Wannan amshi ne ko kukan sauro? Ku sake.

Ta iso mu ji ta!

Yauwa. Kai Barau, janye ƙafarka daga kan zanena. Ke Lantana, in kin gama soshe-soshen sai in fara.

A can zamanin da dabbobi ke zaune unguwa-unguwa kamar mutane, an yi wata bushiya mai suna Tabawa. A lokacin bushiya ba ta da ƙaya ko ɗaya. Bayanta sumul yake kamar sabuwar ƙwarya. In maƙwabta suka ci tuwo suka rasa tsumma, a nan suke goge hannu.

Tun tana budurwa ake ce mata Tabawa Ba-Komai. A taka ta, ta ce ba komai. A ari zanenta a dawo da shi da ƙuna, ta ce ba komai. A zubar mata da ruwan da ta ɗebo tun daga rafi, ta ce ba komai, ta ɗauki tulu ta koma. Unguwa kaf yabonta ake yi. Dole a yabe ta mana. Wa zai ƙi maƙwabciya irin wannan?

Shekaru suka tafi. Miji ya rasu, 'ya'ya suka watse, haƙora suka bi su. Abin da ya rage mata a duniya bishiyar kuka ce guda ɗaya a ƙofar gida, ta gado. Ganyenta take tsinka, ta shanya, ta daka, ta tankaɗe, ta kai kasuwa a ba ta hatsi. Ranar da babu kuka, babu tuwo.

Ran nan wani ya taka mata ƙafa a bakin rijiya, ya wuce abinsa yana jiran ya ji abin da aka saba ji. Sai Tabawa ta ce, "Kai, ba ka gani ne?"

Nan da nan unguwa ta ɗauka.

"Kun ji? Tabawa ta yi magana!"

"Wayyo, tsufa!"

"Allah sarki, da mace mai kirki."

Babu wanda ya tambayi lafiyar ƙafar.

Daga ranar bakin Tabawa ya buɗe. Wanda ya zuba mata shara a ƙofa ya ji ta. Wanda ya tsinki kukarta ba sallama ya ji ta. Kowa ya yarda tsufa ne ya lalata ta, don ya fi sauƙi a kan a daina zuba sharar.

To, katangarta ɗaya da wani kurege, Cindo. Ya daɗe yana kallon kukar nan yana lasar baki. Kuma a unguwar akwai wata al'ada: tsohon da ya ruɗe ba a barinsa da dukiya. Maƙwabcinsa na kusa ake ba riƙon abin da ya mallaka, shi kuma a riƙa miƙa masa ɗan abin taɓawa. Riƙo ne sunan abin. Har yau dai ba a ga wanda ya riƙe ya saki ba.

Cindo ya tafi wurin mai unguwa, wani guza mai tumbi, ya zube.

"Ranka ya daɗe, tausayi ne ya kawo ni. Iya Tabawa ta ruɗe. Jiya kaza ta zaga, shekaranjiya ta yi wa iska tsawa. Ni ko abinci ba na iya ci don tunaninta. Saboda Allah kawai, zan ɗauki wahalar kukar nan."

Guza ya ce, "Allah ya yi maka albarka. Ni dai miyar kuka da ɗan man shanu nake sonta."

"An gama, ranka ya daɗe."

Aka kira Tabawa. Guza ya ce, "Iya, an ce kin ruɗe."

"Wa ya ce?"

Cindo ya ce, "Kun ji ko? Faɗa!"

"Tambaya na yi, kai ɗan nan!"

"Na biyu ke nan, ranka ya daɗe."

Guza ya gyara tumbi ya yanke hukunci. "Kwana uku za a ba ki, Iya. Daga gobe har inuwar kuka ta taɓa katanga a rana ta uku. Ba ɗaga murya, ba tsaki, ba baƙar magana. Ni da kaina zan zauna a gindin kukar in zama shaida. In kin iya, kuka taki ce. In kin kasa, Cindo ya riƙe."

Tabawa ta koma gida. Tsoro ya kama ta ƙwarai, don ta san irin tuwon da ake miƙo wa wanda aka riƙe wa dukiya: lomar safe ita ce ta yamma. Ta ce a ranta, "Shekara sittin ina haɗiyewa. Kwana uku ba za su gagare ni ba."

Rana ta farko ta shimfiɗa tabarma ta baza ganyen kuka. Guza ya zo ya miƙe a inuwa, ido ɗaya a rufe, ɗaya yana aikin shaida. Sai ga Cindo, ƙafafu duk taɓo. Hanya ga ta nan fetal, amma ta tsakiyar shanya ya ga damar bi. A nan kuma ya tsaya gaisuwa.

"Ina kwana, Iya?"

"Lafiya lau."

"Ina gajiya?" Ya juya ƙafa.

"Ba gajiya."

"Yaya baya? Yaya gwiwa? Yaya idon, yana ɗan gani kuwa?" Ya sake juyawa.

"Da godiya."

Bai bar wata gaɓa a jikinta bai gaishe ta ba. Da ya gama, ganye da taɓo sun zama abu guda. Ya dubi ƙasa ya dafe ƙirji.

"Af! Shanya ce? Yi haƙuri, Iya, ban gani ba."

Wani tsaki mai tsawo ya taso wa Tabawa tun daga ciki. Ta dubi guza. Ta dubi kuka. Sai ta rufe baki tana waƙa a zuci. In na yi, ku ce muƙut.

Haɗiye, Tabawa, haɗiye.

Muƙut!

Kukar gado ta fi tsaki.

Muƙut!

Kwana uku ba shekara ba.

Muƙut!

Ta ce, "Ba komai." Amma abin da ta haɗiye bai wuce ba. Ya tsaya mata a ƙirji kamar ƙayar kifi.

Rana ta biyu Cindo ya zo aron turmi. Turmi kuwa ba a hana maƙwabci, ko da mai shi yana tsakiyar daka. Ta kwashe kukarta ta ba shi turmin. Da hantsi ya mirgino shi a tsage gida biyu.

"Iya, ashe dama turmin nan ya tsufa kamar mai shi? Bugu ɗaya na yi masa. Da kin faɗa mini ai da ban wahala ba." Ya leƙa ɗaki. "Tunda babu turmi, taɓaryar ba ta da amfani. Ba ni in hura wuta. Yi haƙuri fa."

Guza ya buɗe ido na biyu. Tabawa ta tuna da wannan turmin aka kawo ta gidan miji. Hawaye suka cika mata ido, maganganu bakwai suka yi layi a kan harshenta, kowace ta fi 'yar'uwarta zafi.

Haɗiye, Tabawa, haɗiye.

Muƙut!

Kukar gado ta fi turmi.

Muƙut!

Saura gobe, saura gobe.

Muƙut!

Ta ce, "Ba komai." Ta miƙa wa Cindo taɓarya da hannu biyu. Abin da ke ƙirjinta ya zarce baya. Wuni ta yi tana goga bayanta a jikin katanga saboda ƙaiƙayi.

Rana ta uku Cindo ya ga lokaci na ƙurewa. Sai ya bi gida-gida ya ce Iya ba ta da ƙarfi, a zo a taya ta tsinkar kuka. Unguwa ta fito, kowa da lauje da kwando. Irin wannan taimakon ba a makara. Suka haye bishiya. Mai zage ganye na zagewa, mai karya reshe na karyawa, kowane kwando ya cika sai ya san hanyar gidan mai shi.

"Sannu, Iya! Ke dai zauna ki huta!"

Tabawa ta ga abincin shekara yana fita ta ƙofa. Ta miƙe tsaye. Ta dubi inuwa, saura taki ɗaya ta taɓa katanga. Bakinta ya fara motsi.

Cindo ya diro da sauri ya dafa bayanta. "Yi magana mana, Iya. Ko dai akwai abin da ke damunki? In akwai, yi haƙuri."

Sauran ma suka sauko suka kewaye ta, kowa ya ɗora hannu a bayan nan mai laushi.

"Yi haƙuri, Iya."

"Ai ke babba ce."

"Da ba haka kike ba."

Har guza ya jawo tumbi ya zo ya ɗora nasa hannun, don ya ji tsakin da kyau.

Haɗiye, Tabawa, haɗiye.

Muƙut!

Kukar gado ta fi kowa.

Muƙut!

Ta haɗiye. Amma ciki ya riga ya cika. Na shekara sittin na nan, na jiya da shekaranjiya na nan, babu wurin da wannan zai zauna. Baki kuma a rufe. To, ta ina zai fita?

Tsit! Tsit! Tsit! Sai ƙayoyi suka ɓullo ta baya, gaba ɗaya, kowace da tsininta.

Ihu ya tashi. Masu ba da haƙuri suka watse, kowa yana yarfe hannu. Cindo da ya ɗora hannu biyu ya fi kowa samun rabo. Yana tsalle yana birgima, inuwar kuka ta taɓa katanga.

"Ranka ya daɗe, ta soke ni! Wannan ai faɗa ne! Ta faɗi!"

Tabawa ta juyo a hankali, murya ƙasa-ƙasa. "Af! Hannunka ne? Yi haƙuri, Cindo. A bayana yake, ban gani ba."

"Haƙuri? Dubi jini!"

"Kai, ɗan nan, da ba haka kake ba. Ko tsufa ne ya fara kama ka?"

Ta karkata kai tana duban bayanta, sai ta ga ta san kowace ƙaya. "Wannan gajerar ta zanena ce da aka ƙona. Wannan ta tuluna ce. Waɗannan biyun na turmi da taɓarya. Wannan doguwar kuwa taka ce, ranka ya daɗe, ta shekarar da ka matsar da iyakar gonar mijina ka ce ruwa ne ya ja ta."

Guza yana tsotsar yatsa yana neman hanyar da zai ba Cindo kuka. Ya ce, "To, Iya, maganar nan tana buƙatar bincike."

"Gaskiya ne. Na ɗaga murya?"

"A'a."

"Na yi tsaki?"

"A'a, amma..."

"Kunnena ya yi nauyi, ranka ya daɗe. Bari in matso kusa da kai sosai in ji hukuncin."

Ta tako ɗaya. Ta tako biyu.

"Tsaya daga nan! Kuka taki ce! Ku kuma ku dawo mata da ganyenta, marasa kunya!"

Kafin la'asar kwanduna sun dawo, har da waɗanda ba daga bishiyarta aka cika su ba. Cindo ya kawo sabon turmi, ya ajiye daga nesa. Shi ya sa har gobe in kurege ya tsaya da ƙafa biyu za ku ga ya ɗaga hannuwa a ƙirji. Ciwon ne bai sake shi ba.

Tun daga ranar babu wanda ya ƙara taka Tabawa. Mai shara ya sami wani wurin zubawa. Mai son kuka ya yi sallama daga ƙofa ya jira a amsa. Ita kuwa da ta rasa abin yi wa faɗa, sai ta yi shiru tana dakanta.

Wata uku ba a ji muryarta ba. Sai mutanen unguwa suka zauna a bakin rijiya suna gyaɗa kai.

"Kun lura Iya Tabawa ta yi sanyi?"

"Ai dama haka ne. Tsufa ne. Shi yake sa mutum haƙuri."

Kun ji masu ilimi.

To, wannan ne mafarin ƙayar bushiya. In kun ji tsohuwa tana faɗa, kafin ku ce tsufa ne, ku dubi ƙasa tukuna ku ga ƙafar wa ke kan shanyarta.

Ƙurunƙus, kan kurege a cikin turmi!