Fuska ta Huɗu a Gilashin Kwamfutar Marigayi

A duk unguwar nan babu wanda ya kai ni sanin kwamfuta. To, wayata ma uwargida ce ke buɗe min ita, amma wannan wata magana ce daban. Ku dai gyara zama, a idona aka yi.

Kun tuna Malam Jafaru mai hoto? Bayan rasuwarsa, mahaifiyarsa Inna Kande idonta ya fara dusashewa, likita ya ce kwanan nan zai rufe. Ta tara jikokinta uku ta ce akwai bidiyon ɗanta a kwamfutarsa, tana so ta ga fuskarsa tana motsi kafin duhu ya zo. Wanda ya nuna mata, shi zai ɗauki kyamarar uban. Sai dai katin hoton kwamfutar ya ƙone, wato abin da ke fito da hoto a gilashi. Kuma marigayin Linux yake amfani da shi, irin tsarin nan da ba a sayarwa, jama'ar duniya ne ke haɗuwa suna gyarawa.

Babban, Ɗayyabu, ya zaga kasuwa har ƙafarsa ta kumbura, kafin ya samo irin katin a ƙasan tarkacen wani ɗan gwangwan. Da rana tsaka aka sa shi. Gilashi ya yi baƙi ƙirin. Fankar katin kuwa ta kama wani numfashi, hiii, hiii, sak na Malam Jafaru in asmarsa ta tashi. Daga cikin gida Inna ta tambaya wa ya shigo.

Ƙaramin, Nafi'u, ya ce direba ne babu. Ba na mota ba, wani rubutu ne da ke sa kati da kwamfuta su ji yaren juna. Al'adar masu Linux ce, duk wanda ya warware matsala sai ya rubuta yadda ya yi don na baya. Ya yi ta tono a wayarsa har ya faɗa kan wani tsohon bayani da ba wanda ya taɓa amsawa. Sunan da ke ƙasa na ubansu ne. Ya karanta wa 'yan'uwansa.

Saura shigar da umarnin da ke cikin bayanin, alhali gilashi ba ya nuna komai. Mazan suka kasa. Ta tsakiyar, Sahura, ita ce ta girma tana buga wa uban takardu, ba ta kallon yatsunta. Ta zauna tana bugawa cikin duhun nan, harafi ɗaya ya kauce a sake daga farko. Ina tsaye bayansu, na leƙa baƙin gilashin. Wallahi fuska huɗu na gani: tata, ta 'yan'uwanta biyu, da wata a bayansu ta zuba ido ba ta ƙiftawa. Sahura ma ta gani, amma ba ta daina bugawa ba. Tana gamawa numfashin ya tsaya, hoto ya fito.

Aka kunna bidiyon, aka kamo hannun Inna, ta kusanto har hancinta na taɓa gilashi. Ta ce, "Jafaru, ka rame." Bayan sati idon ya rufe. Kyamara na nan a akwatinta, ta rasa wa za ta ba.

Da na ba da labarin nan a teburin shayi, Ilu tela ya ajiye kofi ya ce, "Baba Shehu, su uku ne, kai kana tsaye bayansu. Ashe ta huɗun taka ce. Ko kuwa ba ka ɗakin?"

Na ce ya sha shayinsa kafin ya huce.

To, ku bar batun fuskata. Wanda ya samo kati, da wanda ya tono bayanin uba, da wadda ta buga cikin duhu, wane ne ya kamata Inna ta miƙa wa kyamarar?