Kilo Biyar na Kantin Taro

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a Taman Melati, wata unguwa a can ƙasar waje, ba zan kama sunansa ba. Yana cikin ɗaliban farko da suka sauka unguwar, zamanin da in ka ji Hausa a tashar jirgin ƙasa sai ka waiwaya. Su bakwai ne da iyalansu. Shinkafa kam har ta gundure su, amma kuka da daddawa sai a mafarki.

Babbansu, Malam Ashafa, ya kawo shawara a buɗe kantin taro a ɗakin ajiyar gidansa. Doka guda ce. Duk mai dawowa daga gida zai bar wa kanti wurin kilo biyar a akwatinsa. Ƙunshi zai iske shi a Kano a ɗaure, ya ɗauko bai kwance ba. Wa zai binciki kayan ɗan'uwansa? Da haka kanti ya girma ya koma shago a ƙasan bene, har mata na hawo jirgi daga unguwannin Cheras da Sentul don busasshiyar kuɓewa.

Mutumin nan aka damƙa wa makulli, shi ke kuma waya Kano a haɗa kaya. Shekara huɗu ba wanda ya yi ƙorafi. Sai ya lura masu gidajen abinci na neman kilishi ido rufe, ga shi nama ba ya shiga ƙasar sai da takarda. Zuciya ta ce masa ga akwatuna na zuwa a banza, ba mai kwancewa. Ya ce sau ɗaya zai yi. To, kun taɓa jin wanda Shaiɗan ya bari a sau ɗaya?

Ƙunshi ya riƙa zuwa da kilishi a tsakiya, kuka a gefe. In mata sun ce kaya sun yi ƙaranci, sai ya ce da salon maganar mutanen ƙasar, "Sai haƙuri lah, gida ma tsada ake."

Ranar da dubu ta cika, Delu ce ta ɗauko, matar wani ɗalibi mai suna Kalilu. Zuwanta na farko ke nan, da goyo a baya. A filin jirgi aka tambaye ta ko da nama, ta rantse babu. Aka farke ƙunshin a gabanta. Wuni guda aka tsare baiwar Allah nan tana shan tambaya da harshen da ba ta ji. Wallahi har yau abin na ƙona mini rai.

An karɓe makulli daga hannun mutumin, amma aikin gama ya gama. Kowa ya koma ɗauko wa gidansa kawai. Cikin wata shida aka rufe shago.

Bayan shekara, mahaifiyar mutumin ta kamu da ciwon ido a Kano. Maganin da likita ya rubuta ya yi wuya a can, a nan kuwa akwai. Masu aika kaya suka ce ba sa karɓar magani. Ya bi matafiya ɗaya bayan ɗaya, kowa na ba shi haƙuri. Daga ƙarshe ya je wurin Malam Ashafa, wanda zai tafi gida a makon.

"Malam, kwalba biyu ce kacal. Ka buɗe ka gani."

Malam Ashafa ya ce, "Ido ba ya ganin abin da ke cikin ruwan kwalba. Ka yafe mini."

Kafin mutumin ya samu tafiya da kansa, wata huɗu sun wuce. Da ya durƙusa gaban tsohuwa, da hannu ta laluba fuskarsa.

Ya 'yan uwa, cin amana ke nan. Wanda ya yi wa mutane ƙarya sau ɗaya, ranar da zai faɗi gaskiya yana hawaye ma ba za a karɓa ba. Allah ya kiyaye mu, ya tsare hannuwanmu daga abin da aka ba mu ajiya. Amin.