Jan Haƙoran Iya Zuwaira

Akwai wata tsohuwa a Kwarbai, cikin birnin Zariya, ana ce mata Iya Zuwaira. Tun tana amarya take cin goro da fure, wato furen taba da matan dā ke gogawa a haƙora don kwalliya. Haƙoranta jawur suke.

Mijinta, Malam Nasidi, tsufa ya rikita shi. 'Ya'yan cikinsa ma ba ya gane su. Abinci kuwa ba ya karɓa sai daga hannunta.

Da bikin jikarta Raihana ya matso, sai yarinyar ta zo da dakakken gawayi da gishiri da lemun tsami.

"Iya, dangin ango 'yan Abuja ne fa. Da wannan bakin za ki shiga hoto? Kamar kin ci ɗanyen nama!"

"Ja'ira! Da bakin nan aka auro ni, ba hoda ba jan baki."

Amma maganar ta tsaya mata a rai. Ba ta son a yi wa jikarta dariya saboda ita. Ta ajiye fure, ta bar goro. Safe da yamma tana dirza haƙoranta da kayan da Raihana ta kawo, har haƙoran suka mutu, ruwan randa ma sai ta runtse ido take sha. Jan ya koɗe.

Wata safiya ta kai wa Malam kunu, ta yi masa murmushi. Ya dube ta, ya kau da kai.

"Baiwar Allah, na gode. Iyalina za ta kawo mini."

"Malam, ni ce."

"A kira mini Zuwaira."

Ya wuni bai sa komai a baki ba. Washegari ma haka.

Iya ba ta yi wa kowa faɗa ba. Ta dubi Raihana kawai.

"Je ki gidan Jamilatu mai sayar da fure a Ƙofar Kibo, ki karɓo mini fure."

Da gudu ta je. Iya ta tauna goro, ta goga fure, ta ɗauki kunun ta shiga tana murmushi.

Tsohon ya miƙo hannu. "Ina kika shiga? Wata baƙuwa duk ta dame ni."

Ya shanye tas.

Ranar biki, Raihana da kanta ta jawo Iya tsakiyar hoto. "Iya, buɗe bakin sosai."

Darasi: Kafin ka kankare abin da ka gani a jikin tsoho, tambayi me ya sa yake nan. Abin da ke ba ka kunya, wataƙila da shi wani yake gane nasa. Ku tura wa masu kakanni a raye.