Ranar da Drita Ta Ci Tuwon Hajiya Lauratu

Akwai wata mata a Tudun Wadan Zariya, sunanta Hajiya Lauratu. In dai kai ɗan unguwar ne, da wuya a ce ba ka taɓa cin girkinta ba, ko a gidan biki ko a gidan suna. Masarta da miyar taushenta har daga Kwangila da Tudun Jukun ake aikowa a saya.

Mace ce mai kyauta da zumunci, amma tana da hali guda. Ba ta yarda akwai macen da ta iya girki a duniya ba sai Bahaushiya, a cikin Hausawan ma sai Bazazzagiya.

Autanta Ashraf ya yi karatu a jami'a, a Kongo nan cikin Zariya, daga nan ya samu gurbin ƙaro ilimi a Turkiyya. A can ya haɗu da wata yarinya Musulma 'yar ƙasar Albaniya mai suna Arta, suka daidaita. Kawunansa suka yi bincike, suka amince, aka ɗaura aure. Hajiya ba ta hana ba, amma ranta bai so ba. Ko gaisuwar Arta a waya ba ta tsayawa ta amsa da kyau.

Ashraf ya samu aiki a garin matarsa, wani gari na bakin teku da ake kira Vlora. Suna zaune a saman bene, ƙasan benen kuma ɗan gidan abinci ne na mahaifiyar Arta, wata dattijuwa mai suna Drita, wadda mijinta ya daɗe da rasuwa. Matafiya da 'yan yawon buɗe ido ne yawancin masu cin abinci a wurinta.

Da cikin Arta ya tsufa, Ashraf ya kira gida.

"Umma, don Allah ki zo. Ba na so a haifi ɗana ba kya nan."

"In zo in ci me, Auta? Ganye da ɗanyen kifi?"

"Umma, ba ɗanye suke ci ba."

Maƙwabciyarta Jane, wata ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya, ita ta ƙarasa shawo kanta.

"Hajiya, jika fa za ki je gani, ba tukunya ba. Ki je kawai."

"To Maman Kenneth, zan je. Amma da kayana zan tafi."

Haka kuwa aka yi. Akwati guda na tufafi, manyan jakunkuna kuma na garin masara, kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa, barkono, gero da kanwa. Har muciya sai da ta saka.

Ranar da ta sauka Vlora, ta tarar Drita ta haɗa tebura a farfajiyar gidan abincin, ƙarƙashin rumfar inabi, teku na nan gabansu shuɗi shar. An cika teburan da abinci. Ga manyan kifaye da aka gasa a kan garwashi tun daga kai har wutsiya, an zuba musu man zaitun da lemon tsami. Ga jatan lande a cikin tafarnuwa. Ga wani burodi mai falle-falle da suke kira byrek, an cusa masa alayyafo da cuku. Ga tumatir da kokwamba da farin cuku, ga zaitun na gonar gidan.

Drita ta taho da saurinta, gajeriyar mace mai furfura, hannunta duk gari. Ta rungume Hajiya, ta ja mata kujerar da ke kan gaba.

Hajiya ta zauna, ta bi teburin da kallo. Idonta ya sauka kan wani faranti.

"Auta, mene ne wancan mai ƙafafu kamar igiya?"

"Wata halittar teku ce, Umma. Da daɗi wallahi."

"A'uzubillahi. Ka ce mata na ƙoshi."

Ashraf ya yi ƙasa da murya. "Umma, tun asuba take tsaye a kan wannan girkin. Kuma tun zamanin mijinta ba a taɓa shigo da alade ko giya gidan nan ba. Ko kifin ki taɓa."

"Na ce na ƙoshi."

Ruwa kaɗai ta sha, ta haye sama. Arta ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga kan cikinta.

Abin da ya ba Ashraf mamaki shi ne surukarsa. Drita ba ta ɓata fuska ba. Ta ce masa, "Ta sha hanya, kuma baƙon wuri ne. Ka bar ta ta huta." Ta leƙa titi, ta hango wasu matafiya ɗauke da jakunkuna a baya suna neman wurin cin abinci, ta yafito su, ta zaunar da su a teburin suka ci tare da iyalin.

Washegari Hajiya ta kama ƙaramin kicin ɗin sama ta fara tuƙa tuwonta. Ƙamshin daddawa ya cika benen, ya sauko har inda baƙi ke cin abinci, wasu na toshe hanci.

Kullum da rana sai Drita ta shirya tire ta haura da shi da kanta, ta ajiye a bakin ƙofa. Kullum da yamma sai ta sauko da shi yadda ta kai shi. Gobe ta sake girka wani abu daban, ko Allah zai sa a dace.

Hajiya kuwa daga taga take kallon komai. Da sassafe tana ganin Drita ta gangara wurin masunta, tana ɗaga kumatun kifi tana duba jansu, tana mayar da wanda bai yi mata ba. Tana ganin yadda take karɓar matafiyi kamar ɗan da ya dawo gida, ta tambaye shi daga ina, ta gaya masa abin da teku ya bayar yau. In ya gama ci, ta kawo masa ɓaure da kankana kyauta, ba ta barinsa ya tashi a gaggauce. A ranta Hajiya takan ce, matar nan dai ta san aikinta.

Wata rana Ashraf ya same ta a ɗaki.

"Umma, Arta ba ta barci. Tana cewa kin ƙi ta, kin ƙi mahaifiyarta. Jiya ta ce min in haka ne, ba ta ga yadda za ta iya zuwa Zariya ba, ko ita ko abin da za ta haifa."

"Ni na ce na ƙi wani? Abincinsu ne ba na ci."

"A wurinsu duk ɗaya ne, Umma. A wurinmu ma ai haka ne."

Hajiya ta ci gaba da kaɗa miyarta.

Ranar nan da azahar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Drita ce, amma ba tire a hannunta. Kwano ne babu komai a ciki. Ta nuna tukunyar tuwo, ta nuna kwanon, ta nuna bakinta.

Hajiya ta dubi Ashraf. "Me take nufi?"

"Tuwonki take so ta ci."

"Za ta iya? Na zuba barkono fa, irin namu."

"Na gaya mata. Ta ce a zuba."

Hajiya ta ɗebo malmala guda, ta kwarara miyar kuka, ta miƙa mata cokali. Drita ta girgiza kai. Ta wanke hannu, ta zauna a ƙasa kan darduma kamar yadda ta ga Hajiya na yi, ta gutsuro tuwo. Miyar ta zille mata tsakanin yatsu, ta bi ta har gwiwar hannu. Ta yi dariya, ta sake gwadawa.

Loma ta farko, fuskarta ta yi ja wur. Loma ta biyu, hawaye suka ɓalle. Tana tari, tana jan hanci, gumi na tsattsafo mata a goshi. Arta ta kawo ruwa da gudu tana roƙonta ta bari. Drita ta ɗaga mata hannu, ta ci gaba da ci, har ta suɗe kwanon.

Hajiya ta juya ga Ashraf.

"Auta, tambaye ta, wa ya sa ta wannan wahala?"

Drita ta share ido da gefen gyalenta, ta yi magana a hankali, Ashraf na fassarawa.

"Ta ce wannan abincin ne ya raina mutumin da ke riƙe da 'yarta da mutunci, don haka ba abin rainawa ba ne. Ta ce kuma jikan da ke zuwa rabinsa naki ne, zai tashi yana son wannan miyar. Ba ta so ranar da zai ce mata 'Kaka, ɗanɗana', ta kawar da kai."

Hajiya ta dubi kwanon da aka suɗe, ta dubi matar da leɓɓanta suka kumbura da yaji tana mata murmushi. Ta tuna tiren da ke hawa yana sauka kullum. Kunya ta rufe ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba tun da ta girma.

Ta miƙe, ta gyara mayafinta.

"Ka ce mata ta kai ni kicin ɗinta."

Abin da Drita ta fara ciro mata daga tanderu wani kaskon ƙasa ne, samansa ya yi ja yana tafasa. Hajiya ta sa cokali da bismillah, ta tauna, ta tsaya.

"Kai! Wannan ai naman rago ne da kindirmo!"

"Shi ne, Umma. Da 'yar shinkafa da ƙwai. Tavë kosi suke ce masa."

"Shekara da shekaru ina da kindirmo ina da rago, ban taɓa tunanin haɗa su a wuta ba."

Sai aka kawo kifin. Gishiri ne kawai da man zaitun da lemon tsami da wani ganye mai ƙamshi. Hajiya ta ɓare fatar, naman ya fito fari tas yana tururi. Ta ci gefe guda, ta juya shi ta ci ɗayan, har kan sai da ta tsotse.

"Ashe kifi yana da ɗanɗanon kansa," in ji ta. "Mu yaji muke ci, mu ce mun ci kifi."

Drita ta turo mata farantin abin nan mai ƙafafu. Hajiya ta ɗaga hannu biyu.

"A'a, 'yar'uwa. Wannan kam a bar ni da shi sai wata shekarar."

Ba a fassara ba, amma Drita ta gane. Suka tuntsire da dariya su biyu, har masu cin abinci na waiwayowa.

Kafin ta koma sama, Hajiya ta kira Arta, ta kama hannunta ta zaunar da ita kusa da ita.

"'Yata, ki yafe min. Ban kyauta miki ba."

Wannan ma ba a jira fassara ba. Arta ta kifa kai a kafaɗarta ta yi ta kuka.

Daga ranar kicin ya zama na mutum biyu. Babu mai jin yaren wata, sai nuni da hannu da ɗanɗana wa juna a cokali. Hajiya ta koyi murza ƙullin byrek har ya yi siriri kamar takarda. Drita ta koyi riƙe muciya.

Da Arta ta sauka lafiya, aka samu mace, Hajiya ce ta dama mata kunun kanwa, Drita na riƙe da kofin tana ba ta. Ranar suna aka sa wa jaririya Rahma. Ashraf ya yanka rago, aka raba naman biyu, rabi ya shiga kaskon kindirmo, rabi Hajiya ta yi dambunsa. Duk matafiyin da ya biyo ta hanyar a ranar sai da aka zaunar da shi. Wani tsoho da ya zo daga wata ƙasa a kan keke ya ci dambun naman, ya tambayi Drita ko abincin wane yanki ne na Albaniya. Ta nuna Hajiya da alfahari ta ce, "Na yankin Zariya."

Hajiya ta dawo Tudun Wada da galan na man zaitun da kaskon ƙasa naɗe cikin zani. Matan unguwa suka cika gidan da sannu da zuwa. Jane ta dube ta sama da ƙasa.

"Hajiya, mu da muke jiran ki dawo a rame, sai ga ki kin yi kumatu?"

"Maman Kenneth, bari kawai. Na je da girman kai, wata baiwar Allah ta sauke min shi ba tare da ta gaya min baƙar magana ko ɗaya ba."

Da sanyi ya shiga can Albaniya, matafiya suka ɗauke ƙafa, Drita ta rufe gidan abincinta ta biyo Ashraf da Arta da Rahma zuwa Zariya. Ranar da motarsu ta tsaya a ƙofar gida, Hajiya ta fito ko takalmi babu. Ta wuce ɗanta, ta wuce jikarta, ta rungume Drita tukuna.

Wata maƙwabciya ta leƙo ta katanga. "Hajiya, baƙuwa kika yi?"

"Wace baƙuwa? Yayata ce ta zo gida. Ku shigo ku gaishe ta."

Darasi: Kada ka raina abincin mutane ko al'adarsu don kawai ba irin naka ba ne, domin wanda ya miƙo maka kwano zuciyarsa ya miƙo maka. In kuma kai aka raina, ka yi irin na Drita: kada ka rama, ka yi haƙuri, ka fara takowa, sau da yawa kyautatawa na karya girman kan da gardama ba za ta iya karyawa ba. Ku tura wannan labari ga 'yan'uwa da surukai, wataƙila akwai gidan da zai gyaru ta dalilinsa.